Daga Manhaja Zuwa Rukunin Darussa: Matsalar Ɗalibi Mai Gwajin Koyar da Hausa a Matsayin Harshe na Biyu

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara kwalejojin ilimi da tsangayoyin ilimi na jami'o'i sukan tura ɗalibansu makarantu domin gwajin koyarwa. Kafin ɗalibi ya fita, akan tabbatar ya san abubuwa biyu: an nuna masa manhaja, an kuma hore shi a kan rubuta shirin darasi na minti arba'in. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne matakin da ke tsakanin waɗannan biyun, wato yadda ake ɗaukar wani yanki na manhaja a tsara shi ya zama jerin darussa na mako uku ko huɗu, masu bin juna, waɗanda za su kai yaro ga iya wani abu takamaimai. Irin wannan jeri shi muke kira rukunin darussa a wannan takarda.

Za mu dubi wannan giɓi ne ta fuskar ɗalibin da aka tura ya koyar da Hausa a ƙaramar sakandare a jihohin kudu, inda yaran ajinsa galibi masu jin Ibo ne ko Yarabanci ko Ibibiyo da makamantansu. Mun zaɓi wannan fage saboda a nan ne illar ta fi fitowa fili. Yaron Kano ko Katsina, ko da malaminsa ya yi masa darussa barkatai, zai koma gida ya ci gaba da jin Hausa. Yaron Aba ko Akure kuwa, sau da yawa abin da ya samu a aji shi ne iyakar rabonsa. Idan shekara ta ƙare bai iya gaisuwa da tambayar farashi ba, ya tashi a tutar babu ke nan, kuma abin da zai riƙe a ransa shi ne Hausa harshe ne mai wuya.

2.0 Abin da Manhaja ta Faɗa da Abin da ta Bari

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a shekarar 1977 aka kuma sake dubawa a 1981 da 1998 da 2004 da kuma bayan haka, ita ce ta kawo ƙudurin cewa, domin haɗin kan ƙasa, yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa da Ibo da Yarabanci, ban da harshensa na gida. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ke da alhakin tsara manhajar firamare da sakandare, kuma ta fitar da manhajar Hausa iri biyu: ta masu jin harshen tun daga gida, da ta masu koyonsa a matsayin harshe na biyu. Bayan ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999 da dokarsa ta 2004, aka samar da manhajar shekara tara wadda ta fara aiki a 2008. An yi mata gyara a 2012 inda aka rage yawan fannonin da yaro ke ɗauka, sannan a 2025 aka sake sanar da wani gyaran. Duk da waɗannan sauye-sauye, aikin da ke gaban malami a ranar Litinin da safe bai sauya ba.

Duk wanda ya buɗe manhajar zai tarar da ita a jadawali. Akwai gurbin batu, da na manufofin da ake son yaro ya cimma, da na ƙumshiya, da na ayyukan malami, da na ayyukan ɗalibai, da na kayan koyarwa, da na auna fahimta. An kuma karkasa batutuwan ƙarƙashin rassa uku da aka saba da su a nazarin Hausa, wato harshe da adabi da al'ada. Wannan tsari yana da amfani ƙwarai ga mai rubuta manhaja da mai shirya jarrabawa, domin yana nuna mafi ƙarancin abin da kowace makaranta za ta bayar, a birni take ko a ƙauye. Mizani ne. Amma manhaja ba ta faɗi wane batu zai rigayi wane a ajin wane malami ba, ko minti nawa kowanne zai ci, ko waɗanne batutuwa ne ya fi kyau a koyar da su a haɗe. Wannan ta bar wa malami.

Abin da yakan cike gurbin shi ne jadawalin aikin zango, wanda ma'aikatar ilimi ko makaranta kan shirya. Shi kuwa sau da yawa kwashe batutuwan manhaja yake yi ya raba su mako-mako: wannan mako baƙaƙe da wasula, na gaba gaisuwa, na bayansa tatsuniya, sai ƙidaya, sai jinsi, sai sana'o'in gargajiya. Ɗalibi mai gwaji yakan karɓi wannan jadawali daga hannun malamin aji a ranarsa ta farko, ya ɗauke shi tamkar umarni. Kowane mako sai ya rubuta shirin darasi mai kyau a kan batun makon, da gabatarwarsa da matakansa da tambayoyinsa, ya koyar, ya rufe babin. Gaisuwar da aka koya a mako na biyu ba a sake jin ɗuriyarta sai ranar jarrabawa. A ƙarshen zango an taɓa kowane layi na manhaja, yaro kuwa ba ya iya haɗa jimla uku. An yi ba a yi ba.

3.0 Fara Shiri Daga Ƙarshe

Tunanin da ke bayan rukunin darussa ba sabo ba ne. Tun a 1949 Ralph Tyler ya nuna cewa mai tsara karatu yana fuskantar tambayoyi huɗu: me ake son a cimma, waɗanne ayyuka ne za su kai ga hakan, yaya za a jera su, kuma ta yaya za a gane an cimma. A 1998 Grant Wiggins da Jay McTighe suka ƙarfafa wata hanya ta amsa waɗannan tambayoyi, wadda ta ce malami ya fara tsayar da sakamakon da yake nema, sannan ya tsayar da shaidar da za ta gamsar da shi cewa yaro ya kai, sai daga ƙarshe ya zauna tsara darussa. Ke nan auna fahimta ta bar zama wasu tambayoyi biyar da ake liƙawa a gindin shirin darasi, ta koma abin da ake yanke shawararsa tun kafin a ɗauki alli. Tun ran gini tun ran zane.

Wannan ya fi sauƙi a baki. Ɗalibin da ya karanci Hausa a kwaleji ya shafe shekaru yana nazarin tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jimla, ya haddace keɓaɓɓun kalmomin da aka tattara a ƙamus ɗin da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990. Ilimi ne mai daraja, kuma malami yana bukatarsa. Matsalar ita ce idan ya ga "jinsi" a manhaja, abin da yake fara faɗo masa shi ne ma'anar jinsi da rabe-rabensa, sai ya rubuta manufarsa kamar haka: "a ƙarshen darasi ɗalibai su iya bayyana ma'anar jinsi, su kawo misalai biyar." Yaron da bai san kalmar "yarinya" ba sai ga shi yana kwafar ma'anar jinsin mace daga allo. Idan aka auna irin waɗannan manufofi da matakan da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jera a 1956, za a ga kusan dukkansu a matakin farko suke, na tunawa da maimaitawa. Mai koyon harshe na biyu kuwa amfani da harshen yake nema. Saboda haka aikin farko na mai tsara rukuni shi ne ya sake karanta kowane layi na manhaja yana tambayar kansa: a wane irin zance ne mutum yake bukatar wannan?

Aiki na biyu lissafi ne, kuma ba kasafai ake yin sa ba. Mu ɗauka zango mako 13 ne. A cire makon farko da yakan tafi a shara da rajista, a cire makon bita da na jarrabawa, saura 10. Mu ɗauka kuma an ba Hausa darasi biyu a mako, kowanne minti 40. Jimla minti 800 ke nan, wato awa 13 da minti 20 a zango guda, idan ba a yi wasannin makaranta ko hutun ba-zata ba. Wanda ya ga wannan adadi a rubuce ba zai yarda ya kashe minti 80 a kan ma'anar tatsuniya ba. Zai gane cewa zango ba zai ɗauki fiye da rukuni biyu ko uku ba, kuma dole kowane darasi ya ɗauki kaya fiye da ɗaya.

4.0 Misali: Rukunin "Ciniki a Kasuwa" Don Aji Ɗaya

Domin kada bayanin ya tsaya a sama, bari mu bi rukuni guda daga tushe. Mun ɗauki darasi takwas a mako huɗu, ga yaran da suka riga suka koyi gaisuwar safe da ta yamma.

Sakamakon da ake nema jimla ɗaya ce: a ƙarshen mako na huɗu, yaro ya iya sayen abu biyu a wurin Bahaushe mai kaya, daga gaisuwa har biyan kuɗi, ba tare da ya koma Ingilishi ba. Shaidar kuwa ita ce a ji shi yana yi, shi da abokin karatunsa, ɗaya mai saye ɗaya mai sayarwa, a kan kaya da farashin da malami zai ba su nan take. Da zarar an tsayar da waɗannan biyu, sai malami ya rubuta wa kansa irin zancen da yake son ya ji:

Yaro: Sannu da aiki, Baba. Ina wuni?
Mai kaya: Lafiya lau, yaro. Me kake so?
Yaro: Albasa nake so. Nawa ne kashi ɗaya?
Mai kaya: Ɗari biyar ne.
Yaro: Kai, Baba, ta yi tsada. Ɗari uku fa?
Mai kaya: Albarka.
Yaro: To, ɗari huɗu.
Mai kaya: Na sallama. Kawo kuɗi.
Yaro: Ga shi. A yi mini gyara, Baba.

Wannan ɗan zance ba don a ba yara su haddace aka rubuta shi ba. Ma'auni ne na malami. Idan ya dube shi da idon manhaja zai ga ya ƙunshi gaisuwa, da ƙidaya, da sunayen kayan abinci, da jinsi, da wakilin suna, da jimlar tambaya, da furucin ɗ da ts da gy, da al'adar ciniki. Batutuwa takwas ke nan waɗanda jadawalin zango zai iya warwatsa su a makonni takwas, alhali a bakin mai magana tare suke fitowa.

4.1 Abin da Yara Suka Zo da Shi

A shirin darasi akwai gurbin ilimin da ɗalibai suke da shi, kuma an saba cike shi da "ɗalibai sun koyi batun makon jiya." A gaskiya yaron kudu ya san Hausa fiye da yadda yake zato. Ya san suya da kilishi da kunu da zoɓo da wahala. Bayarabe yana cewa alubosa, wadda ita ce albasa, yana cewa alafiya. A ƙasar Ibo ana kiran irin goron da Hausawa suka fi ci da sunan gworo. Kalmar jara da ake ji a kasuwannin kudu ita ce gyara. Darasin farko na rukunin zai iya tafiya kacokan a kan tono waɗannan kalmomi daga bakin yara da gyara furucinsu. Yaron da ya fita daga darasin farko da kalmomi goma waɗanda shi ya kawo su, ya daina ganin harshen baƙo ne.

A nan ne kuma ya kamata a yi maganar "aboki". Yara da yawa sun taso suna jin ana kiran duk wani ɗan arewa mai sana'a da wannan suna, kuma ba su san cewa masu shi ba sa jin daɗin yadda ake faɗarsa ba. A koya musu cewa kalmar tana nufin amini, kuma yaro ba ya kiran sa'an mahaifinsa da ita: Baba ake cewa, ko Malam, ko Alhaji, mace kuma Inna ko Hajiya. A ganinmu wannan minti biyar ya fi kusa da manufar haɗin kan ƙasa da aka rubuta a 1977 fiye da darasi sukutum a kan sarautun gargajiya.

4.2 Zaɓen Abin da Za a Koyar da Abin da Za a Jinkirta

Ƙidaya ita ce ta fi nuna bambancin bin jadawali da tsara rukuni. Jadawali yakan ce a koyi ƙidaya daga 1 zuwa 50, sai malami ya kwashe darasi biyu ana rera sha ɗaya, sha biyu, har arba'in da tara. A kasuwa kuwa babu abin da yaro zai saya da naira goma sha bakwai. Takardun kuɗin ƙasar nan su ne naira 5 da 10 da 20 da 50 da 100 da 200 da 500 da 1000. Idan yaro ya riƙe ɗaya zuwa goma, ya ƙara da ashirin da hamsin da ɗari da dubu, kalmomi 14 ke nan, kuma da su da harafin "da" zai faɗi kusan kowane farashi: ɗari biyu da hamsin, dubu ɗaya da ɗari biyar. Talatin da arba'in da sauran 'yan'uwansu da aka aro daga Larabci sai su shigo a hankali a makonnin baya. Ba a zubar da komai daga manhaja ba, an dai sa na gaba a gaba. Ga yaran Yarabawa, waɗanda ƙidayarsu ta gargajiya take tafiya ashirin-ashirin tare da ragewa, ƙidayar Hausa ma sauƙi za ta yi musu.

Jinsi shi ne babban tudu. Yarabanci da Ibo ba sa bambanta namiji da mace a wakilin suna, don haka "ka" da "ki", "ya" da "ta", "ne" da "ce" duk sababbin abubuwa ne ga tunanin yaro. Hanyar da muke ba da shawara ita ce kada a taɓa ba shi suna tsirara. Duk kayan da aka ɗaga a aji a faɗe shi da dirkarsa: albasa ce, doya ce, gyaɗa ce, goro ne, barkono ne, tumatir ne. Bayan darasi uku ko huɗu yara da kansu za su lura cewa masu ɗaukar "ce" da wasalin "a" suke ƙarewa. Sai a lokacin malami ya tabbatar musu, ya kuma nuna musu nama da ruwa, waɗanda suka ƙare da "a" amma suke ɗaukar "ne". Dokar da yaro ya gano da kansa ta fi zama. "Kake" da "kike" kuwa wasan ciniki ne zai koyar da su, muddin ana sauya masu saye tsakanin maza da mata, a makarantar da ba a haɗe suke ba kuma a rataya wa yaro kati mai sunan Audu ko Ladi.

Akwai abin da ya kamata a kauce masa ɗungurungum a wannan mataki. Aikatau "saya" yana sauya kama: na saya, na sayi doya, na saye ta. Ɗalibin da ya karanci azuzuwan aikatau bakwai na Parsons zai ji ƙaiƙayin ya yi bayani. Ya daure. A ba yara "zan sayi" a matsayin dunƙulalliyar magana da ake sa sunan kaya a bayanta, a bar sauran sai aji biyu ko uku, lokacin da za a dawo wa batun a rukunin tafiya a mota ko na zuwa asibiti. Wannan komawa ga batu ɗaya a mataki mafi zurfi ita ce Jerome Bruner ya yi kira gare ta a 1960, kuma ba ta yiwuwa sai an san abin da aka bari da gangan.

Furuci kuma ba ya bukatar makonsa na daban. Minti biyar a farkon kowane darasi sun isa, amma a zaɓi sautukan bisa ga harshen yaran. Daidaitaccen Yarabanci ba shi da z da c, saboda haka "zo" takan koma "so", "ci" ta koma "shi", kuma a kasuwa "zo" da "so" duka ana bukatarsu. Masu jin Ibo da yawa suna furta gb ɗinsu kusa da ɓ, sai a yi amfani da wannan a matsayin tsani. Ƙ da ts suna ba kowa wuya, sai a yi ta gwama kara da ƙara, da sawo da tsawo. Tsawon wasali ma yana da misalinsa a cikin rukunin: garin da ake zama da garin da ake tuƙawa. Haka "nawa" ta tambaya da "nawa" ta mallaka, waɗanda rubutu bai bambanta su ba amma tsawon wasali da karin sauti suka raba. Sa'ar da aka yi ita ce yaran nan harsunansu masu karin sauti ne, kunnensu a buɗe yake, nuni kawai suke bukata.

4.3 Jerin Darussan

Darasi na farko na kalmomin da aka sani ne da sunayen kaya. Na biyu da na uku na kuɗi ne, da takardun da yara suka yanka suka rubuta wa adadi. Na huɗu ya haɗa kaya da farashi, a nan "nawa ne" da "nawa ce" suke shigowa. Na biyar shi ne na tayi, inda ake koyon cewa "albarka" a bakin mai kaya ƙin tayi ce cikin ladabi, "na sallama" kuma yarda ce. A nan reshen adabi zai samu gurbinsa ba tare da an yi masa dole ba, ta hanyar karin magana irin "sayen nagari mayar da kuɗi gida", da sauraren yadda 'yan talla suke rera kiran kayansu. Sai a darasi na shida ne yara za su rubuta zancen da bakinsu ya riga ya saba da shi, a nan ake kula da ƙugiyar ɗ da ƙ da raba "na" da "saya". Na bakwai da na takwas kasuwa ce a cikin aji.

Kayan koyarwa ba su wuce kwandon albasa da barkono da goro ba. Abin da ya fi su muhimmanci shi ne murya. Babu babban garin kudu da ba shi da zangon Hausawa: Sabo a Ibadan, Agege da kasuwar Mile 12 a Legas, Ama Hausa a Owerri, kasuwar shanu ta Lokpanta a jihar Abiya. Da izinin mai kaya, ɗalibi zai iya ɗaukar muryar ciniki na minti biyu a wayarsa. Sai dai ya saurara da kyau kafin ya kai aji, domin wani ɗan kasuwar Basakkwace ne ko mutumin Nijar, wani kuma Hausar ma koyonta ya yi, yana sa "ne" a ko'ina. Daidaitacciyar Hausa ce ake jarrabawa da ita.

Auna fahimta ta baka tana da tata wahala. A ajin yara 60, idan kowane biyu suka ɗauki minti biyu, awa guda ke nan, ta fi ƙarfin darasi ɗaya. Mafita ita ce a fara sauraren rukunoni huɗu ko biyar a ƙarshen kowane darasi tun daga na biyar, sauran a kammala a ranakun kasuwa. Malami ya riƙe takarda mai gurbi huɗu kacal: ya yi gaisuwa da sunan girmamawa, ya faɗi farashi daidai, ya daidaita jinsi, an gane furucinsa. A sa makin a cikin makin gwajin zango. Idan ba a sa ba, yara za su gane da wuri cewa maganar wasa ce, rubutun allo shi ne karatu.

5.0 Inda Rukuni Yake Karo da Tsarin Makaranta

Ɗalibi mai gwaji baƙo ne a makaranta, kuma ba shi da ikon sauya jadawali. Malamin aji yana da littafin da yake cike abin da aka koyar mako-mako, shugaban sashe yana sa hannu, masu duba makarantu suna gwada shi da jadawalin ma'aikata. Idan suka tarar an koyi ƙidaya a makon tatsuniya, malamin aji ne zai amsa tambaya. Don haka tsoron da yake nunawa yana da dalili. Abin da ya kamata ɗalibi ya yi shi ne ya shirya takarda guda mai nuna kowane batu na jadawalin makonnin da aka ba shi, da darasin rukunin da batun ya faɗa a ciki, ya kai wa malamin aji da shugaban sashe kafin ya fara. Idan wani batu ya ƙi shiga, kamar tarihin wani gari ko wata sana'a, kada a cusa shi. A ware masa darasinsa shi kaɗai.

Mu masu duba ɗalibai ma akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wato NCCE, wadda aka kafa a 1989, ta sanya gwajin koyarwa cikin sharuɗɗan samun takardar shaidar malanta. Amma mai dubawa yakan ga darasi ɗaya ne ko biyu, kuma irin takardar ba da maki da aka saba da ita tana tambayar shirin darasi, da amfani da allo, da riƙon aji, da murya da shiga. Darasi na huɗu a rukunin da muka kawo, wanda rabinsa maimaita na jiya ne cikin hayaniyar yara masu taya albasa, zai iya samun maki ƙasa da darasin ma'anar jinsi da aka yi cikin tsit. Muna ganin ya dace a ƙara gurbi a takardar domin tsarin rukuni, kuma mai dubawa ya nemi ganinsa kafin ya zauna a bayan aji. Ko ba a sauya takarda ba, tambaya biyu sun isa bayan darasi: "Malam, ina wannan darasi ya dosa? Me yaran nan za su iya nan da mako biyu wanda ba su iya ba yau?"

Ga masu tsara manhaja kuwa, buƙatar ita ce littafin jagoran malami ya zo da cikakken rukuni aƙalla guda ɗaya ga kowane aji na masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, da lissafin lokacinsa da takardar makinsa, tare da bayani ƙarara cewa jerin batutuwa a manhaja ba jerin makonni ba ne. Malamai da yawa ba su taɓa jin an faɗi haka daga sama ba, shi ya sa ba sa kuskura su gwada.

Akwai kuma ranar tafiya. Ɗalibi yakan gama gwajinsa ya koma kwaleji da littafin shirin darussansa a jaka, domin a can za a ba shi maki. Malamin aji sai ya ɗora daga layin jadawali na gaba, bai san yaran sun iya "zan sayi" amma ba a nuna musu "na saye ta" ba, bai san talatin da arba'in ba su zauna ba tukuna. Ya kamata kwalejoji su wajabta wa ɗalibi ya bar kwafin rukuninsa a makarantar, haɗe da takardar makin yara da jerin abubuwan da ya jinkirta, shugaban sashe ya sa hannu cewa ya karɓa kafin a sallame shi.